Tukunyar da Kar-a-taɓa Ya Ceto

Kai, Allah ya yi mana baiwa da ya ba mu shugaban gidan tarihi irin wannan. Mutum ne da ko tari zai yi sai ya gyara tsayuwa. Shi ya raɗa wa kansa Uban Zumunci, ma'aikatansa kuwa Kar-a-taɓa suke ce masa, don ita ce gaisuwarsa ga duk wanda ya leƙo. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: lambar yabon zaman lafiya da ake shirin bayarwa. Har ya gwada murmushin karɓarta a madubi.

Ana nan sai ya ji labarin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da unguwar tudu da ta gangare ke aro a tsakaninsu tun zamanin kakanni. Mutanen nan ba sa ga maciji da juna, amma duk mai taro dole ya taka ya je ya yi sallama, a gaisa, a tambayi marasa lafiya, kafin a ɗora masa tukunya a amalanke. In ya tashi mayarwa kuma ba ya mayar da ita wayam.

Gogan ya ga tukunya baƙa ƙirin, hankalinsa ya tashi. Ya rantse jahilci zai cinye alamar haɗin kai da wuta. Ya yi ta zarya da surutu har suka gaji suka sakar masa. Aka kankare ta tas, aka kulle ta a gilashi, ya rataya hotonsa a sama yana nuna ta da yatsa. Kowace unguwa ta sayi tata tukunyar, hanyar da ke tsakani kuwa ciyawa ta rufe ta.

Ranar da alƙalan da za su ba da lambar suka zo, ya sa aka ɗauko masa tsofaffi mata biyu, ɗaya daga kowace unguwa, ya jera su gefen gilashi don hoto.

"Kafin zuwana," in ji shi, "a kan murhu zumunci ke ƙonewa. Ni na ceto shi."

Yana cikin bayani tsohuwar tudu ta tambayi ta gangare lafiyar maigidanta. Ta gangaren ta ce ai ya rasu tun bara, ba wanda ya zo aro balle a aika musu. Nan suka rungume juna suna kuka, shi kuwa ya yi wa mai hoto alama ya ɗauka maza.

Shugabar alƙalan ta dube shi ta tambaya, to yanzu zumuncin yana ina. Ya karkaɗa mata makullin gilashin cike da alfahari.

"Yana nan ƙalau, ranki ya daɗe. Ko ƙuda bai sauka a kansa ba."

Shugabar ta juya masa baya. Ta kama hannun tsofaffin ta sa su a mota, duk aka wuce gangare ta'aziyya. Shi kuwa ya biyo su da gudu, yana tambayar direba ko lambar a bayan mota aka manta ta.