Kan Kifin da Na Mayar wa Sarkin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je garin mutane don in nuna musu ni 'yar birni ce, na dawo da kunyar da har yau idan ta faɗo mini a rai ina salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Shekara huɗu ke nan, amma ba ta tsufa ba.

Ni haifaffiyar Soron Ɗinki ce, malamar firamare, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na rasa ta cewa. (Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce da ana noma da baki, da ni kaɗai na ciyar da unguwa.) To sai Allah ya kawo auren Hafsa, 'yar ƙanina Sani. A makarantar koyon jinya ta haɗu da yaron, Nura, mai hankali da kunya. Shi ɗan wani ƙaramin gari ne a bakin kogi, tafiyar awa biyu daga Kano. Ba zan faɗi sunan garin ba, don har yanzu ina zuwa kuma ina so a ci gaba da karɓata. Mahaifinsa ne Sarkin Ruwa, wato shugaban masuntan garin, kowa Baba Sarki yake ce masa.

Ni ce babbar gwaggo, saboda haka ni aka ɗora wa jagorancin 'yan kai amarya. Ranar tafiya Sani ya ja ni gefe a soro, idonsa ya kaɗa.

Ya ce, "Yaya, yarinyar nan ba ta taɓa zama nesa da mu ba. Don Allah ki tabbata sun san tana da gata."

Na ce, "Ka bar mini wannan. Idan na dawo ka tambaye ni."

Da wannan magana na shiga mota, ina jin kaina kamar wadda aka tura yaƙi. Tun ba mu fita Kabuga ba na fara karantar da mata yadda ake zama a garin bakin ruwa. Hujjata kuwa ita ce na taɓa kai 'yan aji shida yawon buɗe ido garin. (Awa uku muka yi, kuma rabin lokacin a ƙirga yara ya ƙare. Wannan ban faɗa musu ba.) Na ce idan mutum ya je irin wannan gari dole ya shiga kwale-kwale, ya tsaya ya ga masu jan taru da safe, ya leƙa wajen masu bandar kifi, ya sayi tsaraba a can ba a tasha ba. Na rufe da gargaɗi. Na ce, "Kuma don Allah kada wadda ta ba mu kunya. Mu 'yan cikin badala ne, a gan mu a san daga inda muka fito."

Hajiya Yagana, maƙwabciyarmu kuma ƙawata tun muna 'yan mata, tana gefena tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "To Malama, mun ji. A bar mu mu ga hanya."

Mun isa bayan la'asar, aka tarbe mu da guɗa da ruwan sanyi, aka kai amarya ɗakinta. Gaskiya ban ga abin kushewa ba, kuma na duba. Na duba labule, na duba randa, har bayan ƙyaure na leƙa.

Washegari da safe yayar ango, Talatu, ta ce Baba Sarki ya sa a zaga da baƙi su ga gari kafin abinci ya sauka. Muka gangara bakin kogi. Wallahi wurin yana da kyau. Ga mata suna wanki a kan duwatsu, ga shanu suna shan ruwa a can ƙasa, ga maza wajen goma sun kama taru suna ja suna waƙa, kifi yana ta tsalle a ciki. Muka shiga kwale-kwale mu shida. Yana barin gaɓa na ga ruwa yana tsattsafowa ta tsakanin katako, mai tuƙin kuma ya ɗauki wata 'yar ƙwarya yana kwarfewa hankali kwance yana hira da Talatu. Tsoro ya kama ni, amma fuskata ba ta nuna ba. Cinyar Yagana ce ta ji a jikinta, don sai da na bar mata shatin farce biyar. Da muka sauka na gyara mayafi na ce wa sauran, "Kun gani ko? Ba wani abu ba ne."

Daga nan muka shiga layin masu banda, hayaƙi ya cika mana ido, muka sayi tarwaɗa da karfasa aka naɗe mana a takarda. Wata tsohuwa ta koya mana yadda ake gane banda mai kyau, a lanƙwasa wutsiyar a ji ko ta bushe har ciki. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar dama na sani. Muka dawo gida kaina ya ƙara girma, don duk abin da na lissafa a mota an yi shi.

Yanzu bari in faɗi wani abu game da mu da kifi, don a yi mini adalci. A gidanmu kifin ƙanƙara muka sani. Idan na je saye, kafin mai kifi ya ɗaga wuƙa nake cewa ya cire kan. Idan ya manta ya haɗo da shi, akwai wata mage da ke bin katangarmu, rabonta ne. Ban taɓa ganin an sa kan kifi a gaban mutumin kirki ba.

Bayan azahar aka fara shigo da abinci ɗakin baƙi. Tuwon shinkafa, da farfesun kifi a manyan kwanuka, gunduwa-gunduwa, tsoka zalla, ƙamshi har ƙofar gida. Aka ajiye wa kowa. Ni ba a ajiye mini ba. Ina cikin lura da wannan sai ga Talatu ta shigo da wani kwano daban, sabo, an rufe shi da faifai mai ado. Ta durƙusa har ƙasa ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Gwaggo, Baba ya ce wannan naki ne."

Na kalli Yagana da gefen ido, irin kallon nan na kin ga yadda ake yi da manya. Na ɗaga faifai.

Kai ne. Kan kifi, ƙato, ya cika kwanon, baki a wangame, ido biyu fari fat suna kallona. Babu tsoka ko yanki ɗaya a gefensa.

Na dubi kwanon sauran mata, na dubi nawa. Nan take maganar Sani ta dawo mini. Na ce a raina, wato ni da na zo a madadin uban yarinya ni za a tara wa ƙashi? Idan yau an yi wa gwaggo haka ido na ganin ido, gobe me za a yi wa Hafsa idan mun juya baya? Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji daɗin ɓacin ran, don tun jiya nake neman inda zan nuna gata ban samu ba.

Na mayar da faifai na rufe, na tura kwanon da yatsa biyu.

Na ce, "Talatu, mayar masa. Ki ce mun gode. A Kano mage muke ba wa wannan."

(Da ƙarfi na faɗa. Muryar aji na sa, wadda ake ji daga ofishin hedimasta.)

Yagana ta mintsine ni, amma magana zarar bunu ce. Talatu ta tsaya kamar ba ta ji daidai ba, sannan ta ɗauki kwanon da hannu biyu ta fita. A tsakar gida ana ta daka da hira da dariya. Sai na ji dakan ya tsaya. Hirar ma ta tsaya. Ni kuwa na gyara zama, na ɗauka saƙo ya isa inda na aika shi.

Ba a jima ba aka ce amarya tana kirana. Na shiga na tarar ta yaye lulluɓi, hawaye ya ɓata kwalliyar da aka sha wahalar yi.

Ta ce, "Gwaggo, me kika yi?"

Na ce, "Mutuncinki na ƙwato miki."

Ta ce, "Gwaggo, giwan ruwa ne fa. Nura ya ce an daɗe ba a kama irinsa a kogin nan ba. Baba ya daina shiga ruwa saboda ciwon gwiwa, amma kwana uku yana fita da kansa don bikin nan. Kuma a gidan nan kan kifi na maigida ne, ba mai taɓa shi. Sau ɗaya ya taɓa bayar da shi, ranar da malaminsa na allo ya zo. Ke ce ta biyu."

Na ce, "To ai..." Ba ta bari na ƙarasa ba. Ni, wai ni.

Ta ce, "Kuma a wajensu idan baƙo ya dawo da kan, yana nufin bai yarda da gidan ba. Yanzu cewa suke danginmu ba sa son auren." Ta share ido da bakin mayafi. "Ke gobe kina Soron Ɗinki, Gwaggo. Ni ce zan zauna da su."

Wannan maganar ta fi mari zafi. An aiko ni in nuna yarinya tana da gata, na zo na kunna mata wuta a gidan da za ta kwana. Na ji tausayinta, na ji haushin kaina, na kuma ji kamar ƙasa ta tsage in shige da mayafina da jakata.

Na fito tsakar gida. Mata sun fi talatin, ba wadda ta kalle ni, kuma kowa ni take kallo. Na nufi uwar ango, Iya Tabawa, wata 'yar siririyar tsohuwa da ke zaune a bakin murhu. Na durƙusa a kan toka da leshina mai tsada.

Na ce, "Iya, rashin sani ya fi dare duhu. Ku taimake ni ku kai ni wajen Baba."

Ta dube ni, ta tashi ta yi gaba, na bi ta. Baba Sarki yana zaune a zaure a kan buzu, da dattawa uku, ga kwanon nan a gabansa a rufe, ba wanda ya taɓa. Na tsuguna daga bakin ƙofa. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, jahilci ne. Ban san darajarsa ba. Laifina ne ni kaɗai, yarinya ba ruwanta, iyayenta ma ba ruwansu. Ku yafe mini."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Ni dai ina kallon tabarma, har na haddace saƙarta. Can ya ce, "Malama, tambaya ɗaya zan yi miki. Da gaske mage kuke ba wa?"

Na ce, "Da gaske ne, ranka ya daɗe."

Ya juya ga dattawan nan ya ce, "Kun ji. Shekara saba'in ina ganin mutanen Kano sun fi kowa wayo, ashe magunansu ne suke morewa."

Dattawa suka fashe da dariya, Iya Tabawa ta rufe baki da zane. Shi ma ya yi ta yi har da tari. Da ya lafa ya ce, "Baƙo makahon gari ne, ba a kama shi da laifin hanya. Amma kwanon nan ba zai kwana a zaurena ba. Tabawa, a ɗumama mata, ki zauna da ita ki ga ta cinye."

Haka aka shimfiɗa mini tabarma a tsakiyar gida, ni da na ce kada wadda ta ba mu kunya. Matan gari suka kewaye ni, 'yan Kano suka leƙo ta taga, Yagana a sahun gaba har da gyara zama. Na sa hannu na rasa ta inda ake farawa. Iya Tabawa ta ce, "Ba haka ba, Malama. Daga kumatu ake somawa." Ta nuna mini inda tsoka take ɓuya a ƙarƙashin ƙashi, da yadda ake ɓare shi a tsotse romon. Ta ce ido a ƙarshe, shi ne ladan wanda ya yi haƙuri. Na rufe nawa idon na haɗiye nasa, mata suka rangaɗa guɗa kamar ni ce amaryar.

Abin da ya fi ba ni kunya kuwa shi ne daɗin. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa cin kifi irin wannan ba. Na fara ci don neman gafara, na ƙare ina karkata kwano ina shanye romo, maiƙo har gwiwar hannu. Ina ɗagowa na hango Hafsa a bakin ƙofarta, Talatu ta dafa kafaɗarta, su biyun suna dariya har suna riƙe ciki. A nan ne hankalina ya kwanta.

Da muka dawo Sani ya tare ni tun a soro, ya ce, "Yaya, sun san tana da gata?"

Kafin in buɗe baki Yagana ta ce, "Sun sani. Sun kuma san tana da gwaggo."

Hafsa tana can lafiya, 'ya'yanta biyu, Iya Tabawa ba ta haɗa ta da kowa. Ni kuma sunana a garin Gwaggon Mage, har masu kwale-kwale da shi suke gaishe ni, ina amsawa. Har yanzu idan za a je garin bakin ruwa ina ba da shawara, don hali zanen dutse ne: a shiga jirgi, a ga taru, a sayi banda. Sai dai na ƙara guda ɗaya a kai. Idan aka ajiye maka kwano a garin da ba naku ba, kafin ka raina abin da ke ciki, ka tambaya wa ya haƙura da shi don kai ka ci.