Ranar da Babban Malami Ya Ambaci Bincikena

A sana'armu ta nazarin harshe, darajarka ita ce wa ya ambaci aikinka. Da na ga a wayata wani babban malamin jami'a ya ambaci bincikena kan Hausar Mayahi, ban tsaya karantawa ba. Na sayi balangu, na nufi fadarmu ta shayi, na miƙa wa abokina Issufu wayar.

"Karanta da ƙarfi, kowa ya ƙaru!"

Ya karanta, ya fassara musu da Hausa: wai kalmomin da na tattara duk na Damagaram ne.

Kowa ya san ban taɓa leƙa Mayahi ba, matata kuma 'yar Damagaram ce.

Har yau in na miƙe sai su ce, "Malam, a gaida farfesa in ta sauke tuwo."