Saurin Injiniya Tukur a Kukar Gajere

Akwai wasu manyan ma'aikata a Kano da daɗi ya yi wa yawa, har likita ya ce su riƙa motsa jiki, sai suka kafa ƙungiyar hawan keke. Kowannensu yana da mota biyu ko uku a gida, amma ran Asabar sai ka gan su a jere a bakin titi suna haki, kamar an biyo su. Sau ɗaya a shekara sukan yi abin da suke kira zagayen karkara. Su taso da sassafe daga ƙofar gidan shugabansu, su ratsa ƙauyuka wai suna kallon rayuwar gargajiya, su dawo wannan ƙofar gidan kafin magariba. Wanda ya riga kowa dawowa, shi ne shugaba na shekara mai zuwa.

Shekara uku ke nan Injiniya Tukur yana riƙe da wannan kujera, kuma ya fi ji da ita a kan takardun digirinsa. Ko a gidan biki ka kira shi Injiniya ba ka haɗa da Shugaba ba, ciki-ciki zai amsa. To bana sai ga wani likitan haƙori, Dakta Shamsu, ya shigo ƙungiyar. Matashi ne, ba tumbi, ƙafafu kamar na zalɓe, kuma ya faɗa a gaban kowa cewa baɗi daga ƙofar gidansa za a tashi.

Maganar nan ta tsaya wa Injiniya a rai. Ya yi odar sabon keke daga waje, siririn abu wanda yatsa biyu ke ɗagawa. Ana gobe tafiya ya zauna yana rage masa nauyi. Ya cire ƙararrawa, ya cire famfo, ya ajiye 'yar jakar kayan faci, wai duk suna ja masa baya. Mutumin da tumbinsa kaɗai ya kai rabin buhun masara, shi ne ya ga famfo ya yi masa nauyi.

Da farko abin ya yi masa kyau, don kafin hantsi ya ba sauran 'yan ƙungiya rata. Damina ta ja baya, gero ya yi kai, hanyar ta bushe ta yi santsi. Rayuwar gargajiyar da ya fito kallo kuwa, ko ɗaga ido bai yi ya dube ta ba. Ya wuce masu cirar gyaɗa, ya wuce mata a bakin rijiya, kansa na sunkuye yana kallon ɗan agogon da ke ƙirga masa kilomita.

Haka ya shigo Kukar Gajere. A garin nan, kamar sauran ƙauyukan yankin, mai keke ba ya wuce dattawa yana bisa sirdi. Ko buhu biyu ya ɗauro a baya, sai ya sauka ya tura, ya gaisa, in ya gota sannan ya hau. Dattawa bakwai ne zaune a gindin kuka, ga goro, ga 'yar rediyo tana magana ita kaɗai. Injiniya ya zo ya wuce fiu, ya ɗaga musu yatsa biyu kamar ɗan siyasa a mota. Ya ji wani ya ɗaga murya yana cewa, "Kai, mai keke! Tsaya!" Ya ce a ransa, ƙauyawa ke nan, daga ganin baƙo sai roƙo.

Bai yi nisan jifa biyu daga garin ba ya ji tayar gaba ta yi fus. Kafin ya taka birki ta baya ta amsa mata. Ya sauka ya duba, sai ga ƙayar aduwa birjik a kan hanya, har da rassa. Ya laluba inda famfo yake zama, ya tuna yana can kan teburin falo. Ya ciro waya, ba sabis. Ya waiga baya, don ya san duk inda Shamsu yake yana tafe.

Ba yadda ya iya, ya juyo yana tura keken. Takalmin nasa irin mai ƙarfe a ƙasa ne, an yi shi don feda ba don taka ƙasa ba, sai ya riƙa tafiya kamar agwagwa. Ga hular kwano, ga tabarau mai launin bakan gizo, ga wando iya cinya da ya kama jiki, ya bayyana duk abin da mai hankali ke rufewa.

Ya tsaya a kan dattawan nan ba sallama ya ce, "Wai akwai mai faci a garin nan?"

Ɗaya ya ɓare goro, ɗaya ya ƙara wa rediyo murya. Can wani tsoho mai jan gemu, wanda tafin hannunsa ya yi baƙi da maiƙo, ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya kawar da kai ya ce, "Subhanallahi. Bawan Allah, ɓarayi ne suka tare ka? Ku ba shi wani abu ya rufa." Nan take aka miƙo masa tsohon buhun taki.

"Kayan wasanni ne, Baba," in ji Injiniya. "Ni mai faci nake nema, sauri nake."

"Mai facin yana nan," in ji tsohon. "Sai dai ba ya ji sosai in ba a yi sallama ba."

Sai a nan Injiniya ya gane da wa yake magana. Wannan shi ne Baba Jatau, kuma daga nan har kasuwar da ke gaba, tafiyar awa biyu a ƙasa, babu wani mai faci sai shi. Shugaba guda ya ɗaura buhun taki a ƙugu, ya cire takalmi, ya durƙusa. Dattawan kuwa suka gyara zama, suka karɓi gaisuwar nan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yafe nasa kason. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa. Yana cewa ruwa ya yi gyara, yana satar kallon hanya. Sai da ya yi ta sau bakwai cif.

"Madalla," in ji Baba Jatau. "Ɗazu da muka kira ka, cewa za mu yi ka bi ta bayan masallaci, don yau da safe aka ja rassan aduwa ta hanyar nan za a yi shinge. Mu ba ka ga girmanmu ka sauka ba, amma ƙaya ka saukar mata."

Ya jawo keken, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya jijjiga, ya leƙa bayansa.

"Ina kariyar?"

"Ba a yin sa da kariya, Baba."

"To a ina kake ɗaura kaya?"

"Ba na ɗaukar kaya ba ne."

"Uwargida fa, in za ta asibiti?"

"Akwai mota."

"Kana da mota?" Baba Jatau ya dubi 'yan'uwansa, su ma suka dube shi. "Lalacewa ta yi?"

"Lafiyarta ƙalau. Baba, don Allah a duba tayar."

Aka duba. Huji biyar a gaba, huɗu a baya. Baba Jatau ya sa aka kawo ruwa a kwano, ya riƙa tsoma robar cikin tayar yana bin kumfa a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Kowane huji sai ya kankare, ya shafa sholisho, ya hura, ya ajiye a rana ya sha iska. Da aka zo bugun iska kuma, bakin tayar ya yi wa famfonsa siriri, sai da ya yanko 'yar roba ya yi masa dabara. Injiniya ya zauna, ya tashi, ya duba agogo, zufa na bin buhun taki.

Ana kan huji na bakwai sai ga Dakta Shamsu ya ɓullo. Tun daga nesa ya sauka, ya turo kekensa, ya rusuna ya gaida dattawa. Suka ce masa ya bi ta bayan masallaci. Ya yi godiya, ya dubi buhun da ke ƙugun Injiniya, ya ce, "Shugaba, sannu da hutawa." Ya hau ya ba wandonsa iska.

Nan fa Injiniya ya manta da durƙuso. Ya miƙe tsaye ya ɗaga murya.

"Ka gani ko! Ka ga abin da nawarka ta jawo min! Zai riga ni isa! Shekara uku ba wanda ya taɓa riga ni isa!"

Baba Jatau bai ɗago ba, yana ta hura facinsa. "Isa ina, Alhaji?"

"Kano! Ƙofar gidana!"

"Daga ina ka taso?"

"Daga ƙofar gidana mana!"

"Ba saƙon kowa, ba gaisuwar mutuwa, ba cin kasuwa?"

"Babu! Wanda ya riga isa shi ne gwani, shi ke nan!"

Tsohon ya danna facin da babban yatsa, ya dubi buhun takin, ya dubi mai shi.

"Ai Alhaji, da ka yi zamanka a gida da wandonka, da tun asuba ka riga kowa isa."