Gajimaren da Na Yi wa Kwamiti Alkawari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara dattawa don in nuna musu gajimare a cikin bututun gilashi ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa.

Ni malamin fiziks ne, ko in ce na taɓa zama. A makarantar mishan aka horar da ni, inda ɗigon tawada ɗaya kan jawo wa yaro bulala, kuma da wannan hali na koyar a Kazaure har na yi ritaya. Zaman gida bai karɓe ni ba. Saboda haka da shugaban wata makarantar kimiyya, tsohon ɗalibina, ya ce kwamitin iyaye na neman dattijon da zai kula da ɗakin gwaje-gwaje, sai na ji jinina ya motsa. Sharaɗin shi ne in nuna musu gwaji ranar taronsu. (Na ce masa ban saba a jarraba ni ba. A zuciyata kuwa har na zaɓi inda zan ajiye kujerata.)

Ga abin da na shirya. Idan aka matse iska a tanki, aka sake ta ta bi bututu mai ƙuntataccen wuya, takan buɗe da gudun da ya zarce na sauti, ta yi sanyi nan take, danshin da ke cikinta ya dunƙule ya zama farin gajimare. Na ari tsohon injin iskar wani mai faci a Roni, na gwada a gida cikin damina, gajimare ya fito fes. Sai aka yi ta ɗage taron har hunturu ya shigo.

Ana gobe taro na leƙa tankin, na tarar da ruwa mai tsatsa kwance a gindinsa. Raina ya ɓaci. Na zubar, na goge, na shanya shi a rana har ya bushe ƙayau. Ban tsaya na tambayi kaina inda gajimare zai samo ruwa a watan da ko leɓen mutum tsagewa yake yi ba.

Da aka zauna, na fara da dogon jawabi a kan lalacewar malaman zamani masu koyar da kimiyya da bidiyon waya. Malam Nura, matashin malamin fiziks na makarantar, yana gefe, kansa a sunkuye. Shugaban kwamiti kuwa, wani Alhaji mai fataucin riɗi daga Babura, cikin farar shadda, ni da kaina na nace ya matso gaba don kada komai ya wuce shi.

Na murɗe famfon tankin. Iska ta yi huci ta wuce. Gilashi garau.

Alhaji ya gyara tabarau ya ce, "Malam, ko idona ne? Ni dai ban ga hadari ba."

Tsohon ɗalibina ya raɗa mini cewa a bari sai wani lokaci, ba wanda zai zarge ni. Na dube shi irin duban da nake yi masa yana aji ɗaya. Na ɗauki butar alwala, na juye ta kaf a cikin tankin, na ƙara wa injin wuta.

Abin takaicin shi ne na san abin da zai biyo baya, domin na sha rubuta shi a allo. Idan danshi ya yi yawa, zafin da yake saki sa'ad da yake dunƙulewa yakan tokare iskar ya mayar da ita baya. Gajimaren ya mutu, iskar ta sake zabura, ya sake tasowa, haka dai ba tsayawa. Hakan kuwa aka yi. Gajimare ya bayyana, ya ɓace, ya bayyana, bututun ya kama rawa yana fitar da wani sauti da tarbiyyata ba za ta bar ni in faɗi sunansa ba. Dattawa suka rufe baki da hannun riga. Daga nan tiyon da ya haɗa tankin da bututun ya suɓuce, tsatsar da ta maƙale a lungun da hannuna bai kai ba ta feshe Alhaji daga hula zuwa gwiwa.

Ya dubi shaddarsa ya ce, a natse, "To, Malam, har ruwa an samu. Allah ya amfana."

Malam Nura aka ba aikin. Ashe ya ɗauki komai a wayarsa, kuma da bidiyon yake koyar da darasin a yanzu. Ya zo har gida, ya durƙusa, ya ce bai taɓa ganin misalin tangaɗin iska mai kyau kamar nawa ba, ɗalibai ba sa mantawa. Da gaske yake, wanda shi ya fi mini ciwo.

Na tsufa ina goge datti kafin in tambayi aikin da yake yi. Yanzu nakan tambaya, sai dai babu sauran mai ba ni abin gogewa.