Ranar da Na Ciyar da Babur ɗin Malam

Rubuta, jikata, ki daina dariya. Babur ɗin da mijina Malam ya bari, Allah ya jiƙansa, in ya taso sai in ji kamar shi ne ya dawo, in yi ta hawaye.

Ranar da ɗana Bello zai kai ni ziyara Hubbare, ya ce mai ya yi ƙasa, ya shiga alwala. Ni da na tsufa da risho, wa zai koya mini mai? Na ɗura wa babur ɗin kananzir har wuya.

A Sama Road babur ya yi tari, ya turnuƙe mu da hayaƙi, ya mutu. Bello ya shinshina tanki, ya dube ni. "Inna, Allah ya ba da lada." Ya kama turi.

Makanike ya dawo mini da muryar Malam. Amma har yau in tuwo ya makara, ku jikoki sai ku ce, "Kaka, a kunna miki babur ki ɗora tukunya?"