Gwangwanin Tumatir da Hular Baba

Ko da za a wayi gari na manta hanyar gidanmu a Balan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na cire wa mahaifina hula a tsakiyar kasuwar Ajingi ba. Ba da hannu ba, Allah ya kiyaye. Da gwangwanin tumatir.

Bari in faro daga tushe. Bayan kakar gyaɗa yayana Sagir ya sayi wata tsohuwar mota mai turbo, da niyyar ya riƙa ɗaukar fasinja daga Gaya zuwa Kano. Ranar da aka kawo ta har maƙwabta suka zo sa albarka. Ba a je ko'ina ba ta nuna halinta. In aka taka totur sai ta yi wani fito kamar makiyayi na kiran shanu, ta tusa baƙin hayaƙi ta baya, sannan ta ci gaba da tafiya a sanyaye kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Mai kuwa sha take kamar sadaka ake ba ta. (Akwai ranar da wani mai amalanken shanu ya wuce mu a hanyar Gafasa, har ya ɗaga mana hannu. Yaya ya ce sharri nake yi wa motarsa. To, na yarda, kusan wuce mu ya yi.)

Sai Yaya ya kira wani Injiniya Kabiru a Kano, mai aikin da ake ce wa tunin: ya jona kwamfuta a jikin mota, ya sake mata lissafin iska da mai don ta ƙara ƙarfi. Yaya ya sa wayar a amsa-kuwwa, ya taka totur don ya ji kukan motar. Ni kuma na kafa kunne a gefe.

Injiniya ya ce, "Kada ka kawo min ita tukuna. Wannan fiton iska ce ke gudu. Aikin turbo ya matsa iska ya tura ta cikin inji ta tiyo. In akwai huda a hanya, motar za ta ƙirga iskar da ba ta iso ba, ta zuba mai daidai da ita. Shi ne hayaƙin da kake gani. In na yi tunin a kan haka, wahala kawai na ƙara wa turbo, kamar mai cika tulun da gindinsa ya fashe. Ku nemo hudar ku gyara, sannan mu yi magana."

Ya bayyana yadda ake yi. A kashe mota, a toshe bakin tiyon da ke shiga turbo da wani abu mai bawul irin na taya, a buɗe murfin baƙin mai, a ɗura iska, sannan a bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu. Inda kumfa ta taso, nan ɓarawon yake. Ya ƙara da cewa, "Iska kaɗan fa. Ba taya ba ce."

Ni kuwa na dinga jefa masa tambayoyi ta kafaɗar Yaya, har ya ce, "Wai wane ne wannan?"

Yaya ya ce, "Ƙanena ne. Rediyo muke ce masa, ba ya mutuwa sai batir ya ƙare."

Injiniya ya yi dariya. "To in Rediyo ya nemo hudar nan da kansa, ka turo min shi. Ina neman yaro mai son sani."

Tun daga lokacin barci ya ƙaurace min. Na gama sakandare, kuma abin da ke gabana a fili yake: garma, shanun huɗa, da gonar gyaɗar Baba. Ba raina noma nake yi ba, da shi aka raine ni. Amma tun ina ƙarami in na ji inji na kuka sai in ji kamar da ni yake magana. Da muka kai wa Baba zancen, yana jan carbi ya ce, "Kai da bakinka ya fi hannunka aiki? Inji ba ya jin surutu." Daga baya ya ce ya ji, amma sai ya gani da idonsa. In na nemo hudar, in tafi Kano. In ban nemo ba, daminar bana tare za mu yi ta, kuma an rufe maganar.

Na shiga shiri kamar mai haɗa jirgin sama. Na lallaɓa madafin Umma na ɗauko babban gwangwanin tumatir (na juye mata tumatirin a kwano, ba ɓarawo ba ne ni), na huda gindinsa, na cusa bawul ɗin tsohon tif, na liƙe da gam. Ya shige bakin tiyon cif, kamar don shi aka ƙera. Na ɗaure da kilif, zoben ƙarfen nan da ake matse tiyo da shi. Saura iska. Injin iska mafi kusa da muka amince da shi na Kawu Ilu ne, mai faci a bakin kasuwar Ajingi, kuma dama Baba zai kai gyaɗa ranar kasuwa.

Dole in gaya muku wane ne Kawu Ilu. Abokin Baba ne tun suna makarantar allo, shi ya yanka ragon sunana. Injin iskarsa yana da agogon auna iska, amma allurar ta mutu tun kafin in yi wayo. Bai damu ba, don ba da ita yake aiki ba. In ya ɗura wa taya iska sai ya ƙwanƙwasa ta da sifana ya saurara, in ta amsa masa da ƙarar da yake so ya ce ta ƙoshi. Da haka yake cika tayoyin manyan motocin hatsi, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Muka faka a gaban rumfarsa, na buɗe bonet. Kun san kasuwa, bonet a buɗe ya fi mai wasa da kura tara jama'a. Direbobin bas, 'yan dako, mai awara da farantinta, har wani mai tallan maganin basir ya ajiye lasifikarsa ya matso. Ganin haka sai Rediyo ya kama tasha. Na yi bayanin turbo, na yi na kwamfuta, na ce zamanin gyara da ka ya wuce. (Na faɗi wannan a rumfar mutumin da ke auna iska da kunne. Allah ya yafe min.) Baba ya ja benci ya zauna dab da gaban motar, da farar rigarsa da hularsa zanna mai ruwan toka, wadda ba ya sawa sai Juma'a da ranar kasuwa.

Na miƙa hannu zan karɓi tiyon iska, sai Kawu Ilu ya janye. "A rumfar nan ba mai taɓa wannan sai ni. Kai dai riƙe robar sabulunka."

Na ce, "To Kawu, kaɗan ake sawa."

"Tun ba a san za a haife ka ba nake ba da iska, ɗan nan."

Ya danna tiyon a kan bawul. Da farko komai lafiya. Sai na ga tiyoyin motar sun fara kumbura kamar cikin yaro ranar salla. Kawu ya ƙwanƙwasa ɗaya da sifana, ya karkata kunne, ya ce, "Da saura." Ya sake dannawa. Na dubi gwangwanin, na ga yana zamowa daga cikin kilif a hankali, bakinsa yana saitin Baba.

Kalma ɗaya ake bukata. Tana kan harshena, ina jin ɗanɗanonta: tsaya. Amma a gidanmu yaro ba ya ce wa babba tsaya. Tun kana rarrafe ake koya maka cewa magana da manya zagayawa ake yi, kamar mai shiga gida ta zaure. Balle abokin ubanka, a rumfarsa, a gaban ubanka, a gaban kasuwa. Don haka na ɗan rusuna, na gyara murya, na fara:

"Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ba wai ina nufin ban yarda da aikinka ba ne, sai dai ina ganin da za a ɗan duba yiwuwar a..."

Ban kai ƙarshe ba. Har yau ban kai ƙarshen wannan jimla ba.

Ƙarar ta yi kama da bindigar mafarauta. Tantabarun kasuwar hatsi suka tashi gaba ɗaya, wani jaki ya tsinke igiya, ni kuma da na gama cika baki a kan sanin inji sai ga ni a bayan mai awara, na riƙe gefen mayafinta. Da na leƙo, abin da na gani ya fi ƙarar muni. Gwangwanin ya ɗauke hular Baba tsaf, ya jefa ta cikin kwatarniyar baƙin ruwan da Kawu ke tsoma tif. Baba na zaune yadda yake, bai motsa ba, rana na haska sanƙonsa. Ni ɗansa, ban taɓa ganin kan nan a waje ba sai a wajen alwala, shi ma a gurguje.

Kawu Ilu ya sa sifana ya tsamo hular tana ɗiga, ya dube ta, ya dubi kan abokinsa, ya ce, "Malam, ashe haka fari ya cinye gonar nan ba mu da labari?"

Dariyar da aka yi, ina jin har a Gaya an ji ta. Baba ya karɓi hular, ya matse, ya sa a aljihu, ya yafa ƙaramin tawul a ka. Bai dube ni ba. A hanyar komawa gida motar ta yi ta fitonta, kamar da gayya. Na zauna a baya tsakanin buhunan da babu komai ciki ina yi wa Kano sallama a zuciya. Abin da ya fi ci min rai ba dariyar ba ce. Na san abin da zai faru, na gan shi yana zuwa, na tsaya ina jera ladabi.

Washegari da hantsi ina ba shanu harawa sai ga Baba da famfon ƙafa, wanda muke ba babur iska da shi, ni kuwa jiya ko tuna shi ban yi ba. Ya ajiye a gaban motar.

"Jiya ka san iskar ta yi yawa?"

Na ce na sani.

"Me ya hana ka magana?"

"Kawu ne, Baba."

Ya nuna goshinsa, ya sauko da yatsa zuwa ido. "Da abin nan ya yi ƙasa kaɗan, nan zai samu. Wane ladabi ne zai mayar min da ido? In ana rufin ɗaki, yaron da ke ƙasa ya ga azara za ta faɗo wa kakansa, da gaisuwa yake farawa?"

Na sunkuyar da kai ina gyara wa shanu harawa. Karo na farko a tarihi, Rediyo ba tasha.

"Je ka samo wani gwangwanin."

(Umma ta ce in dai haka gyaran mota yake, gara a koma jaki, shi ba ya cin tumatir.)

Na sake haɗawa, wannan karon na bubbuga bakin gwangwanin ya yi leɓe don kilif ya sami abin kamawa, kuma na juya shi ya kalli katanga. Baba da kansa ya hau famfon. Yana takawa yana kallona, famfon na ƙugi. Na dafa tiyo na ji ya yi tauri daidai yadda ake so. Baba bai daina ba. Ya ma ƙara sauri, idonsa a kaina, gemunsa na rawa. Na gane da gangan yake yi. Na ji tsohuwar jimlar nan ta taso, da Allah ya ƙara maka lafiyarta da komai, na haɗiye ta.

"Baba, tsaya."

Ya ɗauke ƙafa nan take. Gidan ya yi shiru, sai kukan kaji. A cikin shirun nan muka ji shi, wani siririn huci daga ƙasa. Na kwanta a ƙasa na bi sautin har wajen ƙaramin lagireton da ke sanyaya iskar turbo, na watsa ruwan sabulu a tiyon da ke fita daga cikinsa. Kumfa ta taso kamar ana wanki. Tiyon ya tsage ta ƙasa, mai motar na da ya naɗe wurin da robar tif, irin gyaran da muke yi wa tiyon ban ruwa a fadama, ya juya ɗaurin inda ido ba ya kaiwa. Roba tana riƙe ruwa. Iskar turbo kuwa ɗaga ta take ta wuce.

Baba ya durƙusa, ya leƙa, ya daɗe yana kallon kumfar. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Ka ce wa Ummanka ta fara haɗa maka kaya." Ya yi taku biyu ya juyo. "Hular nan kuma tana kan igiya. Ba ta fita ba. Kai za ka sake wanke ta."

Yanzu ina garejin Injiniya Kabiru. Yaya ya sa sabon tiyo, an yi wa motar tunin, ta daina fito, kuma babu amalanken da ya isa ya tunkare ta. Sunan Rediyo ya mutu, a Ajingi Gwangwani ake ce min, har yaran da ban sani ba. Kawu Ilu in ya hango ni sai ya dafe hularsa da hannu biyu.

Na koyi abu biyu. Na farko, ba a ƙara wa mota ƙarfi sai an san inda ƙarfinta ke zurarewa. Na biyu na fi shan wuyarsa: ko wane ne ke riƙe da tiyon iska, ko Injiniya ne da kansa, ina fara cewa tsaya, sannan in rusuna in yi masa Allah ya ƙara lafiya. Gaisuwa tana jira. Gwangwani ba ya jira.