Telan Da Ya Ɗinka Wa Kansa Ilimi

Wani tela ne, Allah Ya jiƙansa, don ya daɗe da rasuwa, shagonsa ma yanzu wayoyi ake sayarwa a ciki. Shekara talatin da huɗu ya yi a kan keke ɗaya. Mutum ne mai tsabtar aiki. In ya ja layi da alli, ko rula ka ɗora ba za ka kama shi da kuskure ba. Karatu kuwa, aji uku ya yi aka cire shi aka kai shi koyon sana'a. Yana iya karantawa, amma a hankali, yana bin layi da yatsa, leɓe na motsi. Wannan bai taɓa damunsa ba sai da 'yarsa ta auri ɗan wani tsohon hedimasta.

Ran nan Hedimasta ya kawo ziyara, shi da ɗan nasa. Aka zauna a falo, aka kawo shayi. Hedimasta irin mutanen nan ne da suka yi ritaya amma bakinsu bai yi ba. Ya ɗauko zancen teku da zurfinta, ya hau kan taurari, ya gangaro kan yadda jini yake zagaya jiki. Tela yana zaune a bakin kujera, hannu biyu a kan gwiwa, duk inda aka ja numfashi sai ya ce "ikon Allah". Sau goma sha ɗaya ya faɗa. Matarsa ce ta ƙirga daga bayan labule. Can sai Hedimasta ya ajiye kofi ya juyo.

"To suruki, kai me ka gani a wannan magana?"

Tela ya leƙa cikin kansa, bai tarar da kowa ba. Ya sunkuyar da kai. Abin da idonsa ya faɗa a kai, shi ya faɗa.

"Malam, ƙafar wandonka ta hagu ta fi ta dama tsawo da rabin inci."

Hedimasta ya janye ƙafarsa ƙarƙashin kujera. Ya yi wani ɗan murmushi, irin wanda ake yi wa ɗalibin da aka riga aka fid da rai da shi, ya ce ai kowa da fanninsa. Da za su tafi ya ce za su dawo bayan wata uku, in yaron ya sami hutu a wurin aiki.

Ƙofa na rufuwa matar ta fito.

"Baban yara, mutum yana can sama cikin taurari, kai kana ƙasa kana auna masa wando?"

Ranar Tela ko abinci bai iya ci ba. Ba maganar matar ce ta tsaya masa ba, murmushin nan ne. Ya ɗaukar wa kansa alkawari cewa ranar da Hedimasta ya dawo, sai ya faɗi abubuwa uku na sanin duniya a falon nan, kuma sai Hedimasta ya gyaɗa kai a kan kowanne. Uku kawai yake nema. Bayan haka ko a ɗauki ransa.

Sau biyu ya je kantin littattafai. Na farko ya tsaya a bakin ƙofa ya koma. Na biyu ya shiga, matar kantin ta tambaye shi wane littafi yake so. Bai san sunan littafin da ake sayar wa wanda bai san komai ba, kuma ba zai tsaya gaban mutane ya yi bayani ba. Ya sayi ambulan ɗaya ya fito.

A hanya ya biya wurin Mai Zare, wanda yake sayen kayan ɗinki a hannunsa, ya sayi maɓalli dozin guda. Mai Zare ya yagi takarda ya ƙunshe masa, kamar kullum. Da Tela ya isa shago ya kwance ƙunshin, har ya ɗaga hannu zai jefar da takardar, sai idonsa ya kama wani layi. Ya bi da yatsa: "Giwa tana ɗaukar ciki har wata ashirin da biyu, bayan haka..." Nan takardar ta yage.

Ya zauna. Shekara talatin da huɗu ke nan ana ƙunso masa ilimi yana zubarwa a kwandon shara.

Abin da bai sani ba shi ne, Mai Zare tsofaffin littattafai yake saye a kilo, marasa bango, ya jibge su a gefen teburi. Akwai na sanin duniya, akwai na girki, akwai na kula da mota, akwai na kiwon lafiya. Takardarsu iri ɗaya, rubutunsu kusan iri ɗaya. Wanda hannunsa ya kai, shi yake yaga. Kuma gwargwadon cinikinka gwargwadon takardarka: allura biyu, layi uku, dozin ɗin maɓalli, faɗin tafin hannu, babban ƙunshi, rabin shafi. Cikakken shafi kuwa ba a taɓa ganin ya ba kowa ba.

Tela bai nemi a sayar masa da littafin ba, don kada a tambaye shi dalili. Sai ya koma sayen maɓalli. Da safe dozin, da la'asar dozin biyu. Ya cika gwangwanayen madara tara. Da wurin ajiya ya ƙare, ya fara sa wa mutane a kaya. Wanda ya kawo riga mai maɓalli biyar ya karɓe ta da tara. Wani ma'aikacin banki ya kawo wando a rage masa tsawo, ya tarar da maɓalli uku a kowace ƙafa. Matarsa ta wayi gari da shatar maɓalli a kumatu, ashe har rigar matashin kai bai bari ba. Mai Zare da kansa ya tambaye shi ko kwangilar kayan sojoji ya samu.

Damuwarsa ɗaya ce. Kowace takarda rabi ce. Wata tana da kai ba ƙafa, wata ƙafa ba kai. Wani mutum da sai ya haƙura. Amma shi tela ne, kuma a wurin tela ƙyalle biyu ba matsala ba ne, aiki ne. Ya ɗora dutsen guga ya goge takardun ɗaya bayan ɗaya. Ya shimfiɗa su a teburin yanka. Ya riƙa ɗaukar mai kai yana gwada ta da masu ƙafa, har ya sami wadda bakin yagarta ya zauna da na 'yar'uwarta. Inda suka ɗan saɓa, ya daidaita da almakashi. Sannan ya sa farin zare, ya rage girman ɗinki don kada takarda ta tsage, ya taka keke a hankali. Cikin wata biyu ya haɗa yadi goma sha ɗaya na ilimi. Ya kalmashe gefe da gefe, ya naɗe shi a jikin kwali kamar bandir, ya ajiye a saman kanta inda ɓera ba ya kaiwa. Ni na ga naɗin nan da idona. Ban taɓa ganin ɗinki mai kyau irinsa ba.

Kafin ranar, sai ya fara gwaji a kan masu kawo ɗinki. Wani direba ya zo awon riga. Tela ya zagaya masa tef a wuya, almakashi a ɗaya hannun, allurai uku a baki, ya tambaye shi ko ya san cewa raƙumi yana iya kwanaki bai sha ruwa ba, muddin ba a bar shi a giya ɗaya a kan gangare ba. Direba ya dubi almakashin, ya dubi alluran, ya ce wallahi shi ma ya lura da haka. Mai aski na maƙwabta ya ji cewa kifi yana numfashi a cikin ruwa ne sau uku a rana bayan cin abinci. Ya ce shi dama bai taɓa yarda da kifi ba. Babu wanda ya yi musu. Ba a cika yin musu da mutumin da rigarka take hannunsa ba.

Ya zaɓi guda uku mafi nauyi, ya haddace su yana taka keke.

Ranar ta zo. Falo ɗaya, kofuna ɗaya, kowa a kujerarsa ta wancan karo. Tela ya lura an gyara ƙafar wandon, kuma ba a gyara ta da kyau ba, amma ya danne zuciyarsa. Hedimasta ya buɗe baki zai fara, sai Tela ya yi gyaran murya.

"Malam, ai hasken rana minti takwas yake yi kafin ya iso duniya."

Hedimasta ya ɗaga gira. Wannan gaskiya ne, ya san shi, sai ya fara gyaɗa kai.

"Amma idan ya wuce kwana uku bai sauka ba, a garzaya a ga likita," Tela ya ƙarasa.

Kan da ya riga ya fara gyaɗawa, da wuya ya tsaya a tsakiyar jimla. Hedimasta ya ƙarasa gyaɗawar. Mutum ne da tunda ya fara riƙe alli ba a taɓa jin ya ce bai sani ba, kuma ba zai fara yau ba, a gaban ɗansa, a gidan tela. Ya ce haka ne, masana sun yi magana a kan illar rashin rana ga ƙashi.

Ɗaya ke nan. Tela ya lanƙwashe yatsa ɗaya a kan gwiwa. Ya matsa daga bakin kujera ya jingina, karo na farko a falonsa.

"Ita kuma giwa, cikin wata ashirin da biyu take ɗauka."

"Ƙwarai kuwa," in ji Hedimasta, kai yana tafiya.

"Bayan haka sai a juye mata baƙin mai, a duba iskar ƙafafunta huɗu," in ji Tela.

A takardar "tayoyi" aka rubuta, amma Tela ya ɗauka kuskuren maɗaba'a ne ya gyara da kansa. Mijin 'yar ya shaƙe da shayi. Hedimasta ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ga an zuba masa ido. Ya ga kuma in ya yi shiru, tela ya san abin da shi bai sani ba.

"Wannan ai sananne ne. Shekara talatin ina koyar da shi a aji biyar."

Biyu. Idon Tela ya kawo ruwa. Ya juya wajen labule don ya tabbata matarsa tana ji. Tana ji, har ta ɗaga labulen da faranti a hannu.

"Na ƙarshe, Malam. Wata yana zagaya duniya cikin kwana ashirin da bakwai da 'yan awoyi. Idan ya yi laushi sai a tsame shi, a zuba gishiri kaɗan da yankakkiyar albasa."

Hedimasta ya ja numfashi, ya ce to, wannan ma akwai masu ra'ayin...

"Wake ne," in ji matar.

Aka juyo aka dube ta.

"Wake ake yi wa haka, Baban yara. Ga shi ma a faranti."

Da mijin 'yar ya ga an buɗe ƙofar magana, sai ya sunkuyar da kai ya ce a gafarce shi, Baba, amma maganar giwar nan ma, rabinta na ƙarshe yana cikin littafin motarsa. Na likitan kuma, yana jin zazzaɓi ake nufi.

Tela ya tashi ya shiga ɗaki, dama ya kawo naɗin gida tun jiya saboda bita. Ya fito da shi a kafaɗa, ya warware a tsakar falo, yadi goma sha ɗaya, daga ƙofa har ƙarƙashin teburi. Ya ce a nuna masa inda ya tattare. A nuna masa inda zare ya tsallake.

Hedimasta ya durƙusa, tabarau a kan hanci, yana bin ɗinkin da yatsa. Da ya gane abin da ya faru, sai ƙarfinsa ya dawo. Ya miƙe da murmushin nan na wancan karo. Ya yi bayani a tsanake, kamar a gaban allo, cewa sama daga littafi ɗaya take, ƙasa daga wani. Ya ce ilimi ba yadi ba ne. Ya ce shi ya sa ake zuwa makaranta, don mutum ya san abin da ya haɗu da abin da bai haɗu ba.

Tela ya saurara har ƙarshe, hannu biyu a baya. Ya dubi giwarsa a ƙasa, da ɗinkinta mai kyau. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ɗago, da ladabi, kamar mai son sanin abokin sana'a.

"To Malam, ni dai na ji, ni na ɗinka nawa. Kai da ka yi shekara talatin kana koyar da shi a aji biyar, wane tela ne ya ɗinka maka naka?"